Kujerar Manaja Da 'Yar Takardar Alfarma

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu tsofaffin ɗalibai, wanda ya daɗe yana riƙe da muƙamin manaja kafin ya yi ritaya, ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara.





Kafin in ce komai, ina neman gafarar malamanmu. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne yaro ya miƙe yana lacca a gaban mutanen da suka sha yi wa littafinsa ado da jan biro. Laifin na Sakatare ne. Shi ya bugo mini waya ya ce tun da na yi ritaya ba ni da abin yi sai karatun jarida da kai jikoki makaranta, don haka in zo in yi wa ƙannenmu bayani a kan yadda mutum zai shirya wa zama manaja, da yadda ake ɗaukar sababbin ma'aikata. Na tuna masa cewa ni ne fa monitan nan da ya kasa hana 'yan aji surutu a lokacin firef, har aka tuɓe shi bayan mako uku. Sai ya ce ai shi ya sa ya zaɓe ni, wai wanda ya taɓa faɗuwa ya fi sanin inda ramin yake. To, ga ni.

Waɗanda muka zauna aji ɗaya za su tuna dalilin da ya sa aka ba ni monita. Na zo na ɗaya a lissafi ne, shi ke nan. Ba wanda ya tambaya ko zan iya tsawata wa ƙattin da suka girme ni da shekara uku uku. Abin mamaki, haka ɗin dai aka yi mini a wurin aiki bayan shekaru masu yawa. Ina akawun kuɗi a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi, littafina bai taɓa saɓawa da ko kwabo ba, sai aka kira ni hedikwata aka ce an ba ni manajan reshe. Na dawo gida ana ta yi mini barka, aka yanka rago. Ranar Litinin na shiga ofis na zauna a kujerar, na tarar da mutum ashirin da bakwai suna jiran in gaya musu abin da za su yi, ni kuwa abin da na sani a duniya shi ne lissafi.

Wani malamin ilmi ɗan ƙasar Kanada mai suna Laurence Peter ya fitar da littafi a 1969 a kan wannan ciwo. Abin da ya lura da shi shi ne, a ma'aikatu ana ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake yi yanzu, a yi ta ɗaga shi har a kai shi matsayin da bai iya ba, sa'an nan a bar shi a nan. Cikin raha ya rubuta littafin, amma duk wanda ya yi aikin ofis ya san gaskiya ya faɗa. Gwanin malami ya zama firinsifal ya rasa yadda zai yi da 'yan kwangilar abinci. Gwanin injiniya ya zama shugaban sashe, ya bar mutanensa zaune ya tafi yana kwance inji da hannunsa, don a can ne hankalinsa yake kwance.

Abin da ya sake a ranar da aka ba ka kujerar nan abu ɗaya ne, amma babba. A da da hannunka ake auna ka. Yanzu da hannun wasu za a auna ka. Idan direba ya makara da kaya, kai za a tambaya. Idan kashiya ta yi kuskuren canji, sunanka ne a rahoton. Na yi wata shida ina ƙoƙarin yin aikin kowa da kaina, ina fita ofis bayan lisha, har maiɗakina ta tambaye ni ko ƙarin girman da aka yi mini hukunci ne. Wani dattijon manaja da ya zo duba reshenmu shi ya zaunar da ni, ya ce idan na ci gaba da haka zan kashe kaina, ma'aikatan kuma ba za su koyi komai ba, don sun gane duk abin da suka bari zan ƙarasa.

Don haka ƙannena masu harin wannan kujera, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana ƙarami a wurin aiki ka koyi karanta kasafi da rahoton riba da asara, ko da fanninka ba na kuɗi ba ne. Ka koyi rubuta takarda gajera wadda mai gaggawa zai fahimta. Idan ogan ka zai tafi hutu ko aikin Hajji aka nemi mai riƙon ƙwarya, kada ka ja baya, wannan wata ɗaya ya fi kwas na shekara. Kwas ɗin ma kada a raina shi. Akwai Cibiyar Manajoji ta Nijeriya, wato NIM, da aka kafa a 1961, akwai CIPM ta masu kula da harkar ma'aikata da aka kafa a 1968, akwai ITF mai hedikwata a Jos da aka kafa a 1971, ma'aikatan gwamnati kuma sun san kwalejin ASCON da ke Topo a Badagry. Na halarci wasu daga ciki, na kuma ƙaru. Sai dai ba a nan nake so in daɗe ba, don akwai darasin da ban taɓa ji an koyar a ɗakin kwas ba, shi ne ya kawo ni nan yau.

Darasin shi ne 'yar takarda. Kun san ta. A zamaninmu bayan katin suna ake rubuta ta, ko a yagi gefen takarda a ce, "Mai ɗauke da wannan ɗana ne, a taimaka." Yanzu ta koma saƙon WhatsApp, amma halinta bai sake ba. Ranar da labari ya fita cewa kana da gurbi ɗaya a ma'aikatarka, ranar za ka san yawan danginka. Kawunka zai zo da sassafe. Mai unguwa zai aiko. Surukinka, wanda ba ka iya haɗa ido da shi, zai ce yana son ganin ka bayan magariba. Mu ma 'yan wannan ƙungiya, mu faɗi gaskiya, ba a bar mu a baya ba.

Ba na zargin kowa. Wanda ya biya wa yaro kuɗin makaranta shekara goma sha shida, yaron ya gama hidimar ƙasa ya dawo yana kwana a zaure, dole ya buga kowace ƙofa. Duk mun tuna ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta kira jarrabawar ɗaukar aiki a filayen wasa. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema kuwa dubu ɗaruruwa ne, kowa ya biya naira 1,000. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, matasa fiye da goma suka rasa rayukansu. A ƙasar da neman aiki ya kai haka, uban da ya rubuto maka 'yar takarda ba mugu ba ne. Amma kai da ke kan kujera kana da tambayar da shi ba shi da ita, wato yaron zai iya aikin ko ba zai iya ba.

Bari in ba ku labarin yadda na koyi wannan, ko da yake ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne.

A shekarata ta biyu a reshe, mai kula da sitonmu ya yi ritaya. Aikin sito ba ya da ƙyale-ƙyale, amma duk dukiyar kamfani a hannun mai makullin nan take: katan-katan na madara, sabulu, man girki, sukari. Mutum tara suka kawo takardun nema. A cikinsu akwai wani yaro da ya yi shekara huɗu yana taimaka wa tsohon, ya san kowane lungu na siton, ya san kayan da ke saurin lalacewa. Kowa a reshen ya ɗauka shi za a ba. Sai ga 'yar takarda daga wani babban mutum da ya yi mini halacci a rayuwa, mutumin da ba don shi ba da ban samu aikin farko ba. Ɗan ƙanensa ne yake so a ɗauka. Na kira yaron, muka yi hira ta minti goma, rabinta gaisuwa ce da tambayar mutanen gida. Yana da fara'a, ga ladabi, har ƙasa ya durƙusa. Ban gwada shi da komai ba. Ban tambayi inda ya yi aiki a baya dalilin barinsa ba. Na ba shi makulli.

Wata takwas bayan nan masu binciken kuɗi suka zo daga hedikwata suka ƙirga kaya. Abin da ke cikin kati daban, abin da ke ƙasa daban. Giɓin ya fi albashina na shekara biyu. Da aka tsananta bincike sai ta bayyana yaron ba ɓarawo ne na asali ba. Bai iya rubuta katin kaya ba ne, yana jin kunyar tambaya don kada a ce ɗan alfarma ne, sai wasu direbobi biyu suka gane haka suka riƙa sa shi sa hannu a kan kayan da ba a sauke ba, daga baya suka fara ɗan tsakura masa don ya yi shiru. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, daddawar kuwa ni ne. Aka ba ni takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a fayil ɗina. Aka kori yaron da direbobin, magana ta kai ga 'yan sanda. Wancan yaro mai shekara huɗu a sito kuwa tuni ya ajiye aiki ya koma wani kamfani, don ya ga ba a yi masa adalci ba.

Ku tambaye ni yadda muka ƙare da babban mutumin. Kunyar da na guje wa ta minti biyar, ta in ce masa "Ranka ya daɗe, yaron nan ba fanninsa ba ne," ita ce ta dawo mini ninki goma ranar da na je gidansa in gaya masa ɗansa yana ofishin 'yan sanda. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, "Da ka san bai iya ba, me ya hana ka gaya mini?" Har Allah ya yi masa rasuwa muna gaisawa, amma abin bai koma kamar da ba. Yaron ma na cuce shi. Da na bar shi ya nemi abin da ya dace da shi, da bai fara rayuwarsa da tabon kora ba.

Daga ranar na sake tsari, kuma shi na bi har na bar aiki.

Kafin in bari kowa ya ji akwai gurbi, sai in zauna in rubuta aikin a shafi ɗaya: me mai wannan aiki zai yi daga safe zuwa yamma, wa zai riƙa ba rahoto, wane abu ne in bai iya shi ba aikin ba zai yiwu ba. Wannan shafi shi ne garkuwata. Idan ba ka rubuta aikin kafin ka ga mutum ba, to za ka tarar kana yanka aikin daidai jikin wanda kake so, kamar tela. Sa'an nan a yi sanarwa a fili, a liƙa a allo, ma'aikatan cikin gida ma su sani su nema.

Ban ƙara yin intabiyu ni kaɗai ba. Mutum uku muke zama, ɗaya daga sashen da za a yi aikin, ɗaya daga wani sashe dabam. Mukan shirya tambayoyi tun kafin ranar, kowane mai nema a yi masa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa a ɓoye kafin mu buɗe baki mu tattauna. Dalilin ɓoyewar shi ne, idan manaja ya fara cewa "yaron nan ya burge ni," sauran biyun sun gama magana. Tambayoyin kuma ba irin su "kana da gaskiya?" ba, wa zai ce ba shi da ita? Mukan ce, ba mu labarin ranar da lissafinka ya ƙi daidaita, me ka yi? Ba mu labarin lokacin da ogan ka ya sa ka abin da ka ga ba daidai ba ne. Wanda ya taɓa yin aikin zai ba ka labari da sunan kaya da rana da abin da ya biyo baya. Wanda bai taɓa ba zai yi ta kewaye-kewaye da manyan kalmomi.

Sai gwaji, wanda a wurina ya fi komai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai neman sito mukan kai shi siton mu ba shi kati da takardun shigar kaya goma, mu ɓoye kuskure biyu a ciki, mu ga ko zai gano. Direba ya ja mota da baya ya shiga da ita ƙofar sito, ya kuma nuna mana abin da yake dubawa kafin ya tayar da inji. Mai neman sakatare a ba shi kwamfuta da wasiƙa mai kura-kurai ya gyara. Na ga masu digiri mai daraja sun yi zufa a gaban kati ɗaya, na kuma ga wata yarinya mai difloma, wadda muryarta ke rawa a intabiyu har muka kusa sallamarta, ta gano kuskure uku a inda muka ɓoye biyu. Na ukun namu ne, ba mu sani ba. Ita muka ɗauka, ta yi shekara goma sha ɗaya tare da mu ba a taɓa neman kwalin ashana an rasa ba. Daga baya ne na karanta cewa masana biyu na Amurka, Schmidt da Hunter, sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata suka buga a 1998, kuma gwajin aiki da intabiyu mai tsararrun tambayoyi suna cikin hanyoyin da suka fi nuna wanda zai iya aiki, sun dara hirar kara-zube. Da na san haka da wuri, da na huta da kweri.

Takardun shaida kuma a bincika su, kada a tsaya ga ganin hatimi. Hukumomin WAEC da NECO suna da hanyar tabbatar da sakamako ta intanet, jami'o'i suna amsa wasiƙar tambaya. Mai digiri ko babbar difloma, doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya nemi takardarsa ta hidimar ƙasa ko ta yafewa. Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna 1999, lokacin da Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa saboda takardar digiri ta Jami'ar Toronto da ba ta gaskiya ba da kuma batun shekarun haihuwa. Idan takarda za ta iya wucewa har can, to ofishinka na reshe ba wani shinge ba ne. Kuma ka buga wa inda mutum ya baro waya da kanka. Takardar yabo da ya kawo a ambulan ba ta wadatar ba, don mutanenmu ba sa son rubuta aibin wani. A waya ma ba za su faɗa kai tsaye ba. Tambaya ɗaya nake yi: "Idan ya dawo gobe za ku sake ɗaukar sa?" Sai in saurari tsawon shirun da zai biyo baya.

Malamanmu na addini sun koya mana ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a Madyana, inda ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu ta ba mahaifinsu shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da siffa biyu, ƙarfi da amana. Ku lura, baƙo ne a garin, ba wanda ya rubuto masa 'yar takarda, abin da ta gani da idonta a bakin rijiya shi ta faɗa. Gwajin da na ambata ƙarfin yake nunawa, wato iya aikin. Binciken baya kuwa amanar yake nema. Yaron sitona ladabi na gani na ɗauka amana ce, ban kuma nemi ƙarfin ba sam.

Idan an zaɓi mutum, sai hakkinsa. A nan manajoji da yawa, musamman a ƙananan kamfanoni na 'yan kasuwarmu, suke sakaci har su tsinci kansu a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, amma ni shawarata a ba shi tun ranar farko: albashi, lokacin aiki, hutu, tsawon lokacin gwaji, da yadda za a rabu in rabuwa ta zo. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwar rabuwa, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, har zuwa wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na dokar 2019 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, dokar kuma ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 25 ko fiye. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusun ma'aikacin. Don Allah kada ka cire kashi 8 ɗin nan daga albashin bawan Allah ka riƙe shi kana juyawa, wannan cin amana ne ko da doka ba ta gan ka ba. Akwai kuma kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi da ake biya wa hukumar NSITF a ƙarƙashin dokar 2010, don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ba lauya ba ne ni, lauyoyinmu na nan a layi na biyu suna ta gyaɗa kai, a neme su kafin a sa hannu a takarda, ba bayan an sa ba.

Makon farko na sabon ma'aikaci kada ka bar shi ga masinja ya zagaya da shi. Ka zauna da shi da kanka, ka gaya masa abin da kake so ka gani nan da wata uku, ka haɗa shi da wani tsohon hannu mai haƙuri. Mafi muhimmanci, ka ce masa a fili tambaya ba laifi ba ce. Da na faɗa wa yaron sitona wannan kalma ɗaya, wataƙila da labarin ya sake. Idan kuma lokacin gwaji ya cika ka ga ba zai iya ba, ka gaya masa a lokacin, ka biya shi hakkinsa cif. Jan ƙafa ba tausayi ba ne, tara masa wahala ne.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan ƙungiya. Na san akwai mai cewa a ransa, to meye amfanin zumuncin in ba za mu taimaki 'ya'yan juna ba? Wasu kuma za su ce ai kowa nasa yake ɗauka, in mu muka tsaya bin ƙa'ida sai a bar mu a baya. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. A aikin gwamnatin tarayya ma an san da damuwar a bar wani yanki a baya, shi ya sa sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya yi maganar raba daidai, aka kuma kafa Hukumar Raba Daidai tun 1996. Amma gurbin da aka ware wa jiha na 'ya'yan jihar ne duka, har da ɗan mai gyaran keke da ba shi da uwa a gindin murhu, kuma a cikinsu ya kamata a tace a fitar da wanda ya fi cancanta. Ku dubi ɗakin nan. Mu nawa ne iyayenmu suka san wani babba lokacin da muka shigo makarantar nan da akwatin ƙarfe da bokiti? Jarrabawa muka ci aka ɗauke mu. Malaminmu na lissafi, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, a gabanmu ya ba ɗan yayarsa sifiri, yaron kuwa a gidansa yake kwana. Ranar mun yi ta tsegumi a hostal muna cewa Malam ba shi da tausayi. Shi ya sa kuma makin da ya ba mu yake da daraja duk inda muka kai shi.

Akwai alfarmar da na yarda da ita, na kuma yi ta ba adadi. Ka gaya wa ɗan abokinka akwai gurbi a wuri kaza, ya nema. Ka karɓi takardar tarihin karatunsa da aikinsa ka gyara masa. Ka zaunar da shi a falonka ka yi masa intabiyun gwaji mai zafi har ya daina rawar murya. Idan ka san halinsa da gaske, ka tsaya masa a matsayin mai shaida. Idan ma'aikatarka ce ya nema, ka gaya wa kwamiti cewa ka san shi, ka tashi ka bar ɗakin idan an zo kansa. Idan bai ci ba, kada ka aika saƙo, kada ka ɓuya ka daina ɗaukar waya. Ka taka da ƙafarka har gidan uban, ka gaya masa inda yaron ya gaza da abin da zai gyara. Zumunci a ƙafa yake, nan ne ake gane shi.

Ba zan ce muku ba a jin zafi ba. Akwai ɗan ajinmu, yana cikin ɗakin nan, ba zan dubi inda yake ba, wanda ya yi shekara biyu ba ya amsa sallamata da kyau saboda ɗansa ya zo na huɗu a gurbin mutum ɗaya. Na je gidansa sau uku. A zuwa na uku ne ya bar ni na zauna da yaron, muka gano cewa shi aikin ofis ma ba ya ransa, don uban yake nema. Abin da yake so shi ne harkar wutar sola. Yau shi ya haɗa ta gidana, kuma bai rage mini ko sisi ba, wai ramuwa ce.

Malam Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga majalisarku. A cikinmu akwai tsofaffin manajoji da manyan sakatarori da ma'aikatan banki da suka yi ritaya, suna zaune kamar ni. A nemi izinin Firinsifal a ba mu aji biyu a makarantar nan lokacin dogon hutu, mu riƙa tara 'ya'yanmu da sauran tsofaffin ɗalibai da suka gama hidimar ƙasa, mu koya musu rubuta takardar neman aiki da zaman intabiyu da gwajin kwamfuta, kyauta. Na riga na ba Sakatare sunana, Asabar biyu a wata na ɗauka. Wanda ke da niyya ya same shi kafin a tashi cin abinci, na ji an ce yau ba gabza ba ce.